Shafuka Goma Sha Ɗaya da Ban Ce a Ajiye Ba

Na karanta duk abin da kuka rubuta a ƙarƙashin kashin da ya wuce. Wadda ta ce tsohuwa mai shekara sittin da takwas carbi ya kamata a gani a hannunta ba waya ba, na gode da tunatarwa, 'yata, amma hannu biyu Allah ya ba ni. Wadda kuma ta tambaya ko 'ya'yana sun san halin da ake ciki, ki gyara zama. Yau za ki ji abin da suka sani da yadda aka yi suka sani.

Ga waɗanda yau suka shigo, bari in taƙaita muku. Shekara tara ke nan da rasuwar mijina. 'Ya'yana biyu. Babbar mace ce, kowa a dangi Lauya yake ce mata har ni da na haife ta, don tun tana 'yar shekara shida take tuhumar mutane, kuma da ta girma aikin da ta kama ke nan. Sai Auta, mai shekara talatin da huɗu, yana aikin kwamfuta a wani kamfani. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin buga takardu na kotu, na fara da tafireta, na yi ritaya ina shugabar ɗakin.

Sai Mai Tabarau. Shagonsa na layin bayan asibiti, tsakanin tela da mai sayar da fenti. Shekararsa saba'in da ɗaya, matarsa ta daɗe da rasuwa, kunnensa na hagu ya yi nauyi, kuma yana rina gemunsa baƙi ƙirin, har ya fi girarsa baƙi. Gwajin ido ya kai ni wurinsa bara. Gwajin da ake gamawa cikin minti goma, mu muka kai wata takwas muna yi. Daga ƙarshe ya fito fili ya ce aure yake so, ni kuma na yi ta ja masa rai, har ranar Litinin ta makon jiya da wannan saƙo ya shigo wayata:

"Malama, barka da hantsi. Ɗana zai zo da babbar mota ranar Juma'a ta sama ya kwashe ni da kayan shago, wai na tsufa da zaman kaɗaici. Idan kin ce in zauna, zan zauna. Amma ki ba ni amsa a rubuce. Idan da baki kika faɗa, kunnen nan nawa abin da yake so zai ji."

Kwana goma sha ɗaya ya ba ni. Ku riƙe wannan.

Yanzu sai na gaya muku wata ɗabi'ata, in ba haka ba ba za ku gane wautar da na tafka ba. A ɗakin buga takardu muna da ƙa'idar da babu ita a kowane littafi: takardar da ba a sa wa hannu ba, ba ta kwana. Alƙali yakan faɗi magana da safe cikin fushi, mu buga, da rana ya huce ya sauya ta. Kafin a tashi aiki nakan zagaya da kwando, duk wani daftari a yayyaga shi a gabana. Ba ɓoye gaskiya ba ne. Mutum yana da haƙƙin ya faɗi magana ya ji yadda take a kunnensa kafin ta zama tasa.

Da na koma gida na zauna ni kaɗai, sai na samu kwandona a cikin kwamfuta. Akwai wata 'yar manhajar rubutu da ke zuwa da ita tun daga kanti, wadda ba kowa ke kula ta ba. Farin shafi ne kawai, ba ado, ba surutu. Kullum bayan na karya kumallo nakan buɗe ta in zazzage abin da ke cikina, wanda ya ɓata min rai in wanke shi tas, wanda nake kewa in gaya masa. In na gama sai in rufe, ta tambaye ni, "A ajiye?" In ce a'a. Shi ke nan, magana ta mutu, ni kuma in tashi sakayau.

Ranar Lahadi, kwana ɗaya kafin saƙon Mai Tabarau, Auta ya zo gaishe ni. Ya ga kwamfutar a kan teburin cin abinci ya riƙe baki.

"Mama, abin nan rabonsa da sabuntawa tun ina jami'a."

"Ta yi maka ƙorafi ne?"

"Bari dai in gyara miki."

Kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama aikinsa. Washegari na buɗe shafina na tarar ya zama kamar teburin mai sayar da kayan kwalliya. Maɓallai a jere a sama, wani tauraro yana ƙyalli a gefe, kowace kalma na buga sai a ja mata jan layi kamar malamin da ya tsani ɗalibinsa. Na yi tsaki na ci gaba. Wadda ta koyi bugu a tafireta ba ta kallon abin da take bugawa. Ni tankin ruwan maƙwabta nake kallo ta taga, yatsuna na aikinsu. Ga shi kuma tabarauna mai kyau yana shagon mutumin ana sauya masa gilashi, tsohon nake maneji da shi.

Na rubuta wa Mai Tabarau amsa ta farko, na rufe. Ba ta tambaye ni komai ba. Kun san abin da na ce a raina? Na ce, yauwa, shekara tara ina ba ta amsa ɗaya, yau dai ta gane. Har daɗi na ji, wallahi. Kullum in buɗe in tarar da sabon farin shafi, in rubuta, in rufe, wata rana ma sau biyu. Ban san cewa sabuwar dabarar da aka ƙara mata ita ce ta riƙe duk abin da mutum bai ajiye ba, ta jera shi can sama a 'yan ƙananan kunnuwa irin na fayil, wai don kada ya yi asara.

Ranar Alhamis, ana gobe motar za ta zo, da safe na tafi asibiti awon hawan jini. Da na dawo wajen sha biyu na ga motoci biyu a ƙofar gida. Ranar aiki, tsakar rana.

Takalman Lauya na fara gani a bakin ƙofa, ɗaya a kife, ɗaya can kusa da tukunyar fure. Ita tana kan doguwar kujera, ko baƙar kwat ɗin kotu ba ta cire ba, farin mayafinta ya zame zuwa kafaɗa, kwamfutata a kan cinyarta. Ashe tata ce caji ya ƙare, ta biyo ta gidan da makullinta don ta buga 'yar takarda kafin zaman rana. Auta, da ta kirawo a waya, yana tsaye a jikin firji yana shan ruwan da ba ƙishinsa yake ji ba.

"Mama, sannu da dawowa." Da muryar da take yi wa shaidu magana ta faɗa.

"Yauwa. Wa ya mutu?"

"Mama, mene ne wannan?"

Ta juyo min da fuskar kwamfutar. Na matso, na ɗaga tsohon tabarau, na ƙanƙance ido. Kunnuwa goma sha ɗaya a jere, kowanne ɗauke da kalmomin farko na abin da ke cikinsa. "Malam, na yi tunani." "Kai dai da gemun nan naka." "A'a, kuma kada ka sake." "Jiya da ka ce."

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar kina wanka a ɗaga labule, ki ga ashe falo cike yake da baƙi. Na ajiye jakata a hankali, na zauna a kujerar da ke fuskantarta, na cire mayafi na ninke shi gida huɗu. Duk don in samu lokacin da zan tattaro fuskata.

"Rubutuna ne," na ce. "Ba ki gane ba?"

"Mai gwada ido, Mama? Mai shago? Wata nawa ana wannan abu muna zaune kamar gumaka?"

"Takwas."

Auta ya ƙware da ruwa.

"Kin san abin da dangin mijina za su ce? Kin san abin da za a ce a wurin aikina? Jikoki huɗu gare ki! Mace in ta kai shekarunki ai hutawa take yi, ta rungumi jikokinta, ta nemi lahirarta."

"Wa ya faɗa?"

"Kowa ya sani."

"Shekara talatin da ɗaya ina buga shaidar mutane, ban taɓa ganin an rantsar da kowa-ya-sani ba. Kawo min sunan mutum ɗaya."

Ta danna wani kunne. "Na biyu kin zage shi. Na uku kin ce a'a. Na biyar kin ce kin yi mafarkinsa. Mama, mafarki! Na shida kin ce to. Na bakwai kin sake cewa a'a. Wannan ai ba hankali ba ne, ruɗewa ce. Yaudararki yake yi."

"Wannan shi ake kira tunani, Lauya. Ke ba ki taɓa ganinsa tsirara ba ne, sai bayan ya sa kaya."

Sai ta danna na tara. Muryar kotun ta tafi, ta bar muryar yarinyar da nake yi wa kitso.

"Wannan fa?" Ta karanta. "Shekara talatin da huɗu na zauna da mutumin kirki wanda bai taɓa yi min tambaya ya jira amsa ba." Ta ɗago. "Abba ke nan, Mama? Abbanmu?"

Nan ne kawai na ji ciwo. Sauran duk kunya ce, kunya kuwa ba ta kisa.

"Ubanku mutumin kirki ne. Yana cikin jimlar, ko idonki ya tsallake?"

"Amma kin rubuta."

"Na rubuta, kuma gaskiya ce. Sai dai ba ke na faɗa wa ba, ba shi Mai Tabarau na faɗa wa ba. Kwando na faɗa wa. Da na san kwandon ya koyi tsegumi da ban buɗe baki ba." Na nuna kwamfutar. "Ke lauya ce. Takardar da ba a sa wa hannu ba, ba a aika ba, kuma aka same ta ba da izinin mai ita ba, a wace kotu ake karɓarta?"

Ta share ido da gefen mayafi, ta gyara zama, na ga lauyar ta dawo.

"To shi ke nan. Tun da da kanki kin rubuta a'a, ga shi na gyara miki. Ki tura masa yanzu a wuce wurin."

Ashe tun kafin in dawo ta ɗauki wasiƙa ta uku, wadda na rubuta ranar da ƙafata ke ciwo, ta danna mata tauraron nan. Auta ya yi min bayani da ƙaramar murya cewa tauraron sake rubuta wa mutum magana yake yi, ya gyara ta ta yi laushi. Ga abin da ya mayar da fushina:

"Ina matuƙar godiya bisa kulawarka mai daraja. Bayan dogon nazari, na fahimci cewa a wannan mataki na rayuwata iyalina ne abin da na fi bai wa muhimmanci. Ina yi maka fatan alheri a dukkan al'amuranka."

Dariya ta kuɓuce min, har sai da na riƙe ciki.

"Na san wannan takarda," na ce. "Na buga irinta ta fi ɗari. Ita ake miƙa wa masinja ranar da za a sallame shi. Ni in zan ƙi mutum, da bakina zan ƙi shi, ya ji zafin ya san ni ce. Auta, jawo kujera. Karɓo min abin nan."

Ya kawo kwamfutar teburin cin abinci, ya ture kwanon sukari da kwalbar maganina, ya zauna a gefena kamar wanda aka kira ofishin shugaban makaranta.

"Ina ake kashe waɗannan tarkacen?"

"A saiti, Mama. Amma kin san injiniyoyi ɗaruruwa ne suka zauna suka..."

"Sun tambaye ni?"

"Don a sauƙaƙa wa mutane ne."

"Na ji. Buɗe. Kai ka karanta min sunayensu, ni zan danna."

Ya buɗe wani dogon jeri, kowane layi da ɗan makunni a gabansa. Na ɗora yatsa a kan linzamin kwamfutar.

"Na farko shi ne tauraron, mai sake rubutu."

Na kashe. Tauraron ya dushe ya koma ruwan toka amma bai tafi ba.

"Me ya sa yake nan?"

"Ba ya fita gaba ɗaya. Sai dai ya yi barci."

"Kamar Gwaggonku a ɗakin baƙi. To ya yi ta barci. Na gaba?"

"Mai ƙarasa miki kalma kafin ki gama bugawa."

"Shekara arba'in ina fama da dangin ubanku a kan wannan hali, sai kuma in ajiye shi a kan teburina?" Na kashe.

"Jan layi, mai nuna kuskure."

"Ya san yarena?"

"Bai sani ba."

"To da wane ilimi yake gyara ni?" Na kashe. Duk jan da ke shafin ya ɓace lokaci ɗaya, kalmomina suka tsaya baƙaƙe, tsaf, ba mai tuhumarsu.

"Wannan na kaurara rubutu ne, da karkata shi, da yin manyan kanu."

Na ɗan tsaya a nan, don gaskiya suna da kyau a ido. Amma na tuna alƙalan da na yi wa aiki. Wanda ya fi kowa son a ja wa maganarsa layi shi ne wanda aka fi rushe hukuncinsa a sama. Na kashe.

"Wannan kuma na ƙara girman haruffa ne."

"Nuna min."

Ya danna, haruffa suka taso manya-manya, har da tsohon tabarau ina ganinsu daram.

"A'a, wannan ka bar shi. Wanda ya yi wannan yana da uwa."

Auta ya yi dariya, ya waiga ya ga fuskar yayarsa, ya haɗiye sauran. Kada ku ce na ƙi sabon abu, masu karatu. Ni na fara kawo kwamfuta ɗakinmu na aiki lokacin da maza ke cewa za ta cinye musu aiki. Abin da na ƙi shi ne a shigo min ɗaki a sauya wa kayana wuri, a ce min ci gaba ne.

"Saura ɗaya," in ji Auta. "Mai riƙe abin da ba a ajiye ba. Mama, wannan kam ki yi tunani. In wuta ta ɗauke kina tsakiyar aiki, shi zai cece ki."

Gaskiya ya faɗa, kuma na gaya masa haka. Na taɓa asarar shafi arba'in na hukunci saboda ɗaukewar wuta, na sake buga su daga farko ina kuka. Da a lokacin aka ba ni wannan abu da na yi wa mai shi addu'a.

"Amma abin da nake son ajiyewa na san hanyar ajiye shi," na ce. "Abin da ba ni da shi a gidan nan shi ne wurin da zan faɗi magana ta mutu. In na kashe, me zai faru da waɗannan sha ɗayan?"

"In kin rufe za ta tambaye ki ɗaya bayan ɗaya. Wanda kika ce a'a ya tafi ke nan, ko ni ba zan iya dawo da shi ba."

Lauya ta miƙe zumbur. "Kada ki taɓa su! Sai Baffa ya gani da idonsa." Baffa ƙanin ubansu ne, shi ne babba a dangin yanzu. Ta zaro waya ta nufo mu tana neman kyamara.

Ban motsa ba. Auta ne ya miƙe, ya sa tafin hannunsa ya rufe wayar. Yaron da tunda aka haife shi bai taɓa ce wa yayarsa kanzil ba.

"Yaya, ya isa."

"Kai, matsa min!"

"Ni na jawo wannan abu. Ba ta ce in taɓa mata kwamfuta ba. Kuma da ni da ke bai kamata mu karanta ba. Ya isa haka."

Na kashe makunnin ƙarshe, na danna rufewa. Sai ga tsohuwar tambayata ta dawo. A ajiye? A'a. A ajiye? A'a. Zagin gemu ya tafi, mafarki ya tafi, takardar sallamar masinja ta tafi. Da na zo kan na tara na ɗago na kalli Lauya, ita ma tana kallona.

"Wannan da na so a ce ba ki gani ba," na ce. "Ba zan ce ƙarya na rubuta ba. Amma ki yafe min da ya shiga idonki."

Na danna a'a.

Da suka ƙare na buɗe sabon shafi. Fari fat, ba kowa a cikinsa sai ni. Na ƙara girman haruffa yadda wanda ke tsaye a bayana zai karanta ba tare da ya sunkuyo ba, don na san suna tsaye. Na buga. Ban kalli tankin maƙwabta ba, wannan karon shafin na kalla. Layi na biyu kawai Lauya ta karanta, na ji ta ɗauki jakarta, na ji tana laluben takalminta a bakin ƙofa, na ji ƙarar motarta. Ko sallama babu.

Na ajiye shafin, na sa Auta ya kunna tsohuwar na'urar buga takarda da ke ƙarƙashin teburin ɗinki, ta yi tarinta ta fitar. Na sa hannu da shuɗin biro.

Na shiga ɗaki na cire kayan asibiti. Na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan maɓallai a hannu, wadda Lauya ta ce ta yi min yarinta, na ɗaura ɗankwali mai ruwan ƙasa, na yafa farin mayafi mai bakin zare. Na sa 'yan kunnen da na saya wa kaina ranar da na yi ritaya. Turare sau biyu, na ƙara na uku don haushi.

Auta ya kai ni. Muka isa layin bayan asibiti. Sai da ya tsaya a gaban mai fenti ya ce, yana kallon sitiyari, "Mama, in maganar gemun ta yi miki nauyi, ni zan iya gaya masa."

"Na riga ka. Jira ni a nan."

Shagon ya zama kango. An kwashe tabarau daga jikin bango, sai ƙusoshi. Allon haruffan gwaji yana jingine a ƙasa. Kwalaye a jere an ɗaure su da salatif, kowanne an rubuta abin da ke ciki da kyakkyawan rubutunsa. Shi kuma yana durƙushe da farar riga mai gajeren hannu, ƙura a gwiwar wandonsa, yana naɗe ƙananan gilasai a tsohuwar jarida. Ashe mutumin ya riga ya yanke ƙauna.

Ya ɗago ya gan ni, ya yi ƙoƙarin miƙewa da sauri, gwiwa ta ƙi, sai da ya dafa kwali.

"Malama. Tabaraunki ya yi, ina shirin aika miki."

"Ba shi ya kawo ni ba."

Na miƙa masa takardar. Ya goge hannu a jikin riga, ya sauya tabarau, ya matsa bakin ƙofa wurin haske. Ga abin da ke ciki, ba ragi ba ƙari:

"Malam,
Ka zauna.
Gidana ba zan bari ba, kai ka san yadda za ka yi da naka. Ba na girki sau uku. Rinin gemu ka daina, na san shekarunka. In ka yi min tambaya ka jira amsa, kamar yadda ka jira wannan.
Na yarda."

Jimloli shida ne, amma ya daɗe a kansu kamar mai karanta hukuncin ɗaukaka ƙara. Ya shafa gemunsa.

"Har gemun, Malama?"

"Har shi."

"Fari ne fa sosai a ƙasa."

"Na gwada idona a wurin gwani, zan iya kallo."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya danne aljihun da tafin hannu. Ya juya yana neman almakashi, wai zai kwance kwali, almakashin kuwa yana hannunsa.

Nan wayata ta yi ƙara. Zauren dangi ne, inda ake tura hotunan jarirai da sanarwar rasuwa. Lauya ce:

"Baffa da Gwaggo da su Kawu za su zo gidan Mama ranar Asabar da hantsi. Magana ce mai muhimmanci. Kowa ya halarta."

Kafin in gama karantawa Gwaggo ta turo saƙon murya na minti bakwai. Ban buɗe ba. Na miƙa masa wayar, don gara ya san abin da ya saya tun yanzu. Ya karanta, ya sake karantawa, ya miƙo min. Ya sa almakashi ya farke salatif ɗin kwalin farko, ya fara fito da tabarau yana mayar da su kan ƙusoshinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Bari in kira yaron nan kada ya taso da mota gobe," ya ce. Sai ya tsaya, tabarau a hannu. "Malama, kujera nawa ce a falonki?"

"Ta mutum bakwai."

"Su nawa za su zo?"

"In Gwaggo ta gayyato nata, za su kai goma."

Ya waiga ya dubi 'yar kujerar ƙarfen da yake zaunar da masu gwajin ido, ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya ji nauyinta.

"To zan zo da tawa."